Rimot da Dikoda: Bayanan Aikin Gano Inda Saƙo Yake Ɓacewa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Matsalar da rimot ɗin dikodata yake bayarwa irin wadda take zuwa ta tafi ce, kuma irin wannan matsala idan ba a rubuta ta ba, sai mutum ya riƙa jingina sauƙin da ya gani ga abin da ba shi ya kawo shi ba. Saboda haka zan riƙa ajiye bayanin abin da na taɓa da abin da ya biyo baya.

Ga yadda abin yake a yau. Da rana rimot yana aiki daga kujera, ko da yake wani lokaci sai an maimaita dannawa. Da dare kuwa sai an matso kusa da dikoda sosai, an kuma saita bakin rimot ɗin daidai da fuskarta, kafin ta amsa. Idan aka danna lambar tasha mai lambobi uku, sau da yawa ɗaya takan faɗi a hanya, sai dikoda ta tafi wata tashar da ba a nema ba. Maɓallan da ke jikin dikodar kanta suna aiki nan take, hoto bai taɓa tsinkewa ba, kuma ma'aunin ƙarfin sigina da na ingancinta a shafin saiti suna nan inda suka saba tsayawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin mutane da yawa idan suka ji an ce sigina, sai hankalinsu ya tafi kan farantin da ke waje, alhali siginar da take saukowa daga tauraron ɗan Adam da saƙon da rimot yake aikawa ba su haɗa hanya ba. Ba zan taɓa faranti ba.

Na raba aikin gida uku: rimot mai aikawa, sararin ɗaki da saƙon yake ratsawa, da idon dikoda mai karɓa. Zan riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda.

Laraba, 9 ga Oktoba, 2024

Na fara da batir. Batiran ƙanana ne guda biyu, irin AAA, waɗanda aka rubuta wa bolt 1.5 kowanne. Sabon batir na alkalin yakan nuna kusan bolt 1.6 a mita, wato na'urar hannu ta auna ƙarfin wuta, nawa kuma sun nuna ƙasa da 1.3. Wannan awo bai isa hujja shi kaɗai ba, domin mita ba ta jan wuta sosai, shi kuwa ɗan ƙwan da ke bakin rimot yana fizgar wuta mai yawa a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci duk sa'ad da ya haska, kuma batirin da ya gaji yakan durƙushe a daidai wannan lokacin ko da ya nuna lafiya a mita. Na sa sababbi guda biyu iri ɗaya, ban gauraya tsoho da sabo ba. Na kuma guji batir mai caji a wannan gwaji, tun da shi bolt 1.2 yake bayarwa, kuma ba na son ƙara wani abin tambaya a cikin lissafin.

Da na zare tsofaffin, na tarar da wani farin gari ya daskare a gindin sifirin ɗin gefe ɗaya, har ƙarfen ya dusashe a inda yake taɓa batir. Ruwan cikin batirin alkalin ne ya tsiyayo ya bushe. Na jiƙa auduga da ɗan ruwan khal na goge shi, domin tsami yana kashe kaifin wannan ruwa, sannan na bi da sifirit, na bari ya bushe, na kankare ƙarfen har ya yi sheƙi.

Daga nan na yi gwajin kyamarar waya. Hasken da rimot yake fitarwa, wato infirared, tsawon zangonsa kusan nanomita 940 ne, idon mutum kuwa ba ya wuce wajen 750, amma idon kyamara yana kama shi. Kyamarar baya ta wayata ba ta nuna komai ba, saboda wayoyi da yawa suna da matatar da take tare wannan haske a can. Ta gaba ce ta nuna ɗan haske fari mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa duk lokacin da na danna. Maɓalli biyu, lamba 2 da na rage murya, sai na matsa da ƙarfi kafin hasken ya fito. Ya kamata in rubuta iyakar wannan gwaji: yana tabbatar da cewa haske yana fita, amma ba ya tabbatar da cewa saƙon da ke cikin hasken daidai ne.

Da rana an sami ƙarin nisa. Da dare abin yana nan yadda yake.

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Na buɗe rimot ɗin. Noti ɗaya ne a ƙarƙashin murfin batir, sauran kuma haƙoran roba ne da suka kama juna, waɗanda na bi a hankali da gefen tsohon kati don kada su karye. A ciki akwai shimfiɗar roba mai ɗauke da maɓallai, kowane maɓalli da ɗan baƙin tabo a ƙasansa mai ratsa wuta, wanda idan an danna yake haɗa layuka biyu da ke kan allon. A ƙarƙashin maɓallan da aka fi amfani da su na ga wani maiƙo mai danƙo ya kwanta a kan allon, kuma ƙura ta manne da shi. Na wanke robar da ruwa da ɗan sabulu, na shanya ta ta bushe sarai, allon kuma na goge shi da sifirit. Ban goge baƙaƙen tabon da ƙarfi ba, domin idan wannan shafen ya kankare maɓallin ya mutu ke nan.

Tun da rimot ya sha faɗuwa, na duba abubuwa biyu da faɗuwa take yawan lalatawa. Na farko ƙafafun ƙwan da ke haskawa, inda dalma takan tsage ta bar wani siririn zobe da sai an kawo haske kusa ake ganinsa. Nasa lafiya suke. Na biyu wani ɗan ƙaramin abu mai ƙafa biyu da aka rubuta wa 455 a jiki. Shi ne yake ba rimot ɗin bugun da yake lissafi da shi, kilohaz 455, wato bugu dubu 455 a daƙiƙa, wanda idan aka raba shi gida 12 yake bayar da kusan kilohaz 38, saurin da hasken yake ƙyaftawa da shi. Idan ya fashe a ciki, rimot yakan mutu gaba ɗaya ko ya riƙa aika saƙon da dikoda ba za ta gane ba. Nasa bai tsage ba, ƙafafunsa kuma ba su girgiɗa.

Bayan na mayar da komai, maɓallan nan biyu sun dawo daidai. Domin in rufe wannan babi, na aro rimot na dikoda iri ɗaya da tawa, wanda na ga yana aiki lafiya a inda yake. Da dare ya yi a ɗakina, shi ma sai ya kama yin abin da nawa yake yi. Nawa kuma da aka gwada shi a kan waccan dikodar, ya yi aiki daga ƙarshen ɗaki. Daga yau na cire rimot daga zargi.

Talata, 15 ga Oktoba, 2024

Kafin in ci gaba sai da na zauna na tsara wa kaina yadda saƙon yake tafiya, domin a nan ne nake ganin amsar take.

Rimot ba ya kunna haske ya bar shi. Yana ƙyafta shi ne sau dubu 38 a daƙiƙa ɗaya, sannan ya yanka wannan ƙyaftawar gunduwa-gunduwa, tsawon gunduwa da tsawon shirun da ke tsakani su ne saƙon. A tsarin NEC, wanda dikodoji masu yawa suke amfani da shi, saƙo yana farawa da haske na milisakan 9, sai shiru na milisakan 4.5, sannan ƙwayoyin bayani 32 su biyo baya, kowace ƙwaya 0 ce ko 1. A ainihin tsarin, takwas na farko adireshin na'urar ne, takwas na biye kishiyarsu, wato an juya kowane 0 ya zama 1, kowane 1 ya zama 0, sai takwas na umarni, sai kishiyarsu su ma. Dikoda takan gwada umarnin da kishiyarsa, idan ba su dace ba ta watsar da saƙon duka. Wannan ne ya bayyana mini dalilin da ya sa lamba take ɓacewa ɗungurungum maimakon ta koma wata lambar: ƙwaya ɗaya idan ta lalace a hanya, dikoda ta gwammace ta yi shiru a kan ta aikata abin da ba a ce ba. Ba duk kamfanoni ne suke kan wannan tsari ba, domin RC-5 na Philips yana aiki da kilohaz 36, na Sony kuma da 40, wannan yana cikin dalilan da suka sa sau da yawa rimot ɗin wata na'ura ba ya motsa wata.

Idon da ke karɓa a jikin dikoda yana da matata da take barin abin da ke ƙyaftawa kusa da kilohaz 38 kawai ya wuce, yana kuma rage wa kansa ƙarfin ji da kansa idan ya ga haske mai tayar da hankali ya yi yawa a ɗakin. Kamar mutum ne da yake sauraron kiran sunansa a cikin hayaniya, wanda idan ƙarar ta yi yawa ya toshe kunnensa, sai kiran ma ya daina isa gare shi sai an zo dab da shi. To abin tambaya shi ne, mene ne yake hayaniya a ɗakin nan da dare wanda babu shi da rana?

Akwai ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi, irin mai rage shan wuta, a bangon da yake fuskantar dikoda. Irin wannan ƙwai yana da ƙaramin allo a gindinsa da yake kunna shi da saurin dubban bugu a daƙiƙa, sau da yawa a yankin da bai yi nisa da na rimot ba, kuma yana fitar da infirared tare da hasken da muke gani. Na tsaya a kujera na kashe shi, na danna, dikoda ta amsa. Na kunna shi, ta yi shiru. Na maimaita har na gamsu cewa ba dacewa ba ce. Wannan cikas tsoho ne a tarihin rimot: Flash-Matic da Eugene Polley ya ƙera wa kamfanin Zenith a 1955 da hasken tocila yake aiki, kuma hasken rana yakan rikita talabijin ɗin, abin da ya sa a 1956 kamfanin ya koma ga na Robert Adler mai aiki da sautin da kunne ba ya ji.

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Na sauya ƙwan da na LED, na kuma janye dikoda daga ƙarƙashin fuskar talabijin zuwa gefe, na matso da ita bakin katakon da take kai don kada ya tare mata gani. Na goge baƙar robar da ke gaban idonta. Da dare yanzu rimot yana aiki daga kujera.

Sai dai da babbar matsalar ta kau, wata ƙarama da take ɓoye a bayanta ta fito fili. A mintocin farko bayan an kunna kayan, ko da rana ko da dare, dikoda tana jinkirin amsawa, daga baya kuma ta warware da kanta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 2024

Abubuwa biyu ne suke iya haifar da matsalar da take tafiya idan kaya sun ɗumama, kuma dukansu suna faruwa a lokaci ɗaya, tun da talabijin da dikoda tare ake kunna su. Na farko fitilun da ke bayan gilashin talabijin, musamman na tsofaffin LCD masu siraran bututun haske, waɗanda aka san suna watsa infirared mai yawa kafin su ɗumama. Na biyu kondansa, wato ɗan ƙaramin abin da yake ajiye caji yana daidaita wuta, da ta bushe a hanyar wutar dikoda, domin irin wannan kondansa ta fi kasawa idan tana da sanyi, ta ɗan farfaɗo idan ta ɗauki zafi. Idan na kunna su tare na ga sauƙi bayan ɗan lokaci, ba zan san wanne ne ya warware ba.

Saboda haka na raba su. Da safe na kunna dikoda ita kaɗai, talabijin a kashe kuma a zare daga soket, na rufe labule, ina kallon lambar tasha a ƙaramin gilashin da ke fuskar dikoda. Jinkirin yana nan. Washegari na bar dikoda a kunne ta ɗumama sosai, sannan na kunna talabijin mai sanyi, rimot kuwa ya yi aiki nan take ba tare da tangarɗa ba. Talabijin ta fita daga zargi. Na kuma kashe HDMI-CEC a saitin na'urorin biyu na ɗan lokaci, wato hanyar da suke aika wa juna umarni ta wayar HDMI, wadda Samsung yake kira Anynet+, LG kuma SimpLink, domin wani lokaci takan sa dikoda ta yi abin da ba a umarce ta ba. Babu abin da ya sauya, sai na mayar da shi.

Akwai wani gwaji da na ga ya dace kafin in kwance komai. Dikoda ce take ciyar da LNB, wato na'urar da ke gaban faranti mai karɓar sigina, da wuta ta cikin wayar da ke saukowa, tana aika bolt 13 ko 18 gwargwadon tashar da aka zaɓa, tare da sautin kilohaz 22 na sauya zango. Idan ruwa ya shiga wayar ko siraran gashin jikinta suka taɓa tsakiyarta, nauyin yakan faɗa kan wutar dikoda har ta riƙa sanƙarewa. Na kashe dikoda daga soket kafin in kwance wayar, domin ba a kwance ta da wuta a jiki, sannan na kunna ba tare da ita ba. Jinkirin bai tafi ba. Adaftar kuma ta nuna bolt 12 a mita, amma mita ta gama-gari matsakaici take nunawa, ba ta nuna rawar da wuta take yi a kansa. Na gwada wata adafta mai bolt ɗaya, mai amfiya da bai gaza na asali ba, bayan na tabbatar cewa tsakiyar bakinta da gefensa sun dace da zanen da ke bayan dikoda. Canjin da na gani kaɗan ne ƙwarai, bai kai a kira shi gyara ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe dikodar. Garantinta ya daɗe da ƙarewa, kuma da adafta ta waje take aiki, wato bolt 12 ne kawai yake shiga cikinta. Ina jaddada wannan da gaske: dikodar da wayar soket take shiga cikinta kai tsaye tana da babbar kondansa da take iya riƙe sama da bolt 300 a inda wutar gida take 230, ko bayan an zare ta daga soket, kuma wanda bai san yadda ake sauke wannan caji ba bai kamata ya sa hannu a ciki ba. Mai gyara ya kamata ya kai wa.

Idon karɓar saƙo ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku a allon gaba, da ɗan kumburi a fuskarsa. Ƙafa ɗaya ta wuta ce, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta fitar da saƙo, kuma jerinsu yana bambanta daga wani samfuri zuwa wani, don haka na bi layukan allon na gane kowacce. A ƙa'ida ƙafar saƙo tana zama a sama, kusa da ƙarfin wutar da ke ciyar da idon, ta riƙa faɗowa ƙasa ne kawai idan rimot yana magana. Da na auna ta dikoda tana da sanyi, ɗaki da duhu, babu wanda ya taɓa rimot, sai na ga lambar mita tana rawa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ma'ana idon yana jin hayaniya, kuma tun da babu haske a ɗakin, ta hanyar wuta hayaniyar take shigo masa. Masu ƙera irin wannan ido, kamar Vishay, suna ba da shawarar a sa masa rasista, wato abin da yake rage gudun wuta, da kondansa a ƙafar wutarsa saboda wannan dalilin.

A babban allo, kusa da inda ake rage bolt 12 zuwa ƙananan wutar da sassan ciki suke sha, na ga kondansa guda biyu a jere. Kan ɗayar a shafe yake, da tsagin da aka yi masa a fili. Kan ɗayar kuwa ya ɗan tasa, tsagin ya buɗe kaɗan, da wani busasshen tabo ruwan ƙasa a bakinsa. Tana manne da ƙarfen da yake sauke zafi, wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin akwatin. Ƙa'idar da aka sani game da irin wannan kondansa ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarta da kusan rabi, kuma dikodar ta daɗe a wurin da iska ba ta ratsa ta.

Na cire su duka biyu, domin wadda ba ta kumbura ba ma zafi ɗaya suka sha, kuma kondansa tana iya bushewa ba tare da ta nuna a jiki ba. Na sa sababbi masu maikurofarad, wato ma'aunin cajin da suke ɗauka, daidai da na asali, masu jure bolt da bai gaza nasu ba, waɗanda aka rubuta wa digiri 105. Na lura da farin layin da ke gefen kowacce, wanda yake nuna ƙafar ragi, domin idan aka juya ta takan fashe. Na kuma sabunta dalmar ƙafafun idon karɓa tun da ina wurin. Da na sake aunawa da sanyi, ƙafar saƙo ta tsaya cik, tana faɗuwa ne kawai idan na danna maɓalli.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Kowace safiya tun ranar Laraba ina gwada rimot da zarar dikoda ta gama tashi, kuma tana amsawa daga kujera a dannawar farko. Lambobin tasha ba su ƙara faɗuwa ba. Idan aka riƙe maɓallin ƙara murya, murya tana hawa a jere ba tare da tsayawa ba, wanda yake nuna cewa gajeren saƙon maimaici da tsarin NEC yake aikawa kusan kowane milisakan 110 shi ma yana isa lafiya. Domin in tabbatar cewa laifin ƙwan nan na gaske ne, ba kondansa ce ta ɗora masa ba, na mayar da shi bango na dare ɗaya. Nisa ya sake raguwa, ko da yake bai kai munin da ya yi a baya ba. Matsaloli biyu ne masu zaman kansu suka haɗu a kan ido ɗaya, ga kuma datti da batir da suka ƙara musu nauyi daga ɓangaren rimot.

Na ɗaga dikoda a kan ƙananan ƙafafun roba don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, na kuma kawar da abin da yake kan ramukan samanta.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Saura abu ɗaya da nake bibiya. Da hantsi, idan labule a buɗe yake, rana tana faɗowa kai tsaye a fuskar dikoda na ɗan lokaci, kuma a wannan lokacin sai an matso kafin ta amsa. Hasken rana ba ya ƙyaftawa, amma yana ɗauke da infirared mai yawan da yake cika idon har ya rage masa ji. Na yanka ɗan baƙin kwali na yi wa idon rumfa ta sama da gefen taga, na manne da salatif, na bar gabansa a buɗe. Rumfar ta taimaka, sai dai ta rage faɗin kusurwar da ake iya dannawa daga gefen ɗaki. A mako mai zuwa zan gwada juya dikodar kaɗan ta ba taga baya, in cire kwalin, in auna nisa da hantsi da kuma da dare daga wurare guda da na saba tsayawa.